Wankan Jego a Bakin Kwazazzabo

Tun cikina yana wata bakwai, a ɗakinmu na katako da gwangwani a unguwar Ruwais ta Jidda, abu ɗaya ne yake hana ni sukuni: wa zai yi mini wankan jego a garin da ruwa sai ɗan ga-ruwa ya kawo a kafaɗa? Haihuwar kanta ba ta ba ni tsoro haka ba. A ƙauyenmu, can ƙasar Gumel, na ga abin da ya sami Delu matar ƙanen babana. Da rani ta haihu, rijiya ta ja baya, aka yi mata wanka kwana goma aka bari. Ƙafafunta suka kumbura, nononta ya tsinke, jaririn bai kai arba'in ba. Mata suka ce sanyi ne ya shige ta. Ina yarinya lokacin, amma har yau ina ganin ƙafafun nan, in an danna yatsa sai ramin ya zauna.

Shekara biyu muka yi a hanya ni da Malam, maigidana, kafin mu tsallako daga Sudan. Muka yi hajji, muka zauna Jidda neman abin komawa. Wani mutum mai farin tabarau ya karɓi hotunanmu, ya ce zai fito mana da iƙama, takardar zama. Daga ranar ba mu sake ganinsa ba, shi da hotunan. Da cikin ya tsufa Malam ya sami aiki a wata gonar dabino cikin duwatsu, gabas da hanyar Madina. Ya bar ni hannun Iya Kulu, tsohuwar da ta zo ƙasar nan da ƙafa tun tana budurwa. Gyaɗa take sayarwa a bakin masallaci, ita ce kuma ungozomar duk wata Bahaushiya a lungunmu.

Na haifi mace. An sa mata sunan uwar Malam, ana kiranta Ummi. Ni ko Ummin ba na faɗa, 'yar fari ce, "yarinyar nan" nake cewa. Iya Kulu ta riƙe ni da gaske. Akwatunan da ake zubarwa a bakin tashar jirgin ruwa take farfasawa ta hura wuta, ta tsinko ganyen darbejiya, safe da yamma tana tsomawa a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini. Kwana goma sha takwas ba mu yi fashi ko sau ɗaya ba.

Sai kame ya zo. Askarawa suka fara bin lungu-lungu suna kwashe marasa takarda a manyan motoci, daga nan sai jirgin ruwa. Maƙwabciyarmu an tafi da ita tuwonta yana kan wuta. Ranar muka wuni ɓoye a gidan wata haifaffiyar Jidda, ba halin hura wuta, wankan yamma ya wuce ni.

Da asuba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Abbakar ne, Bahaushen Sudan, direban da yake kai shinkafa da sukari da kananzir gonar da Malam yake. Dogo ne siriri, Hausarsa rabi Larabci. Hala yake kiran Iya Kulu, wato inna.

"Malam ya ce in zo da ku. Ina maijegon? Yalla, yalla, maza ku fito."

"Kai Abbakar," in ji Iya Kulu, "ka ba mu sa'a ɗaya a yi mata wankan safe. Jiya da yamma ma ba a yi ba."

"Ya Hala, in rana ta fito ta same mu a kwalta, a cikin jirgi za ku ƙarasa wankan. Can kam ruwa ba ya ƙarewa."

"Allah ya tsare mu da bakinka."

Ta ɗaure tukunyar wanka da ganye da kanwa da garin gero a zane ɗaya, muka fita. Wanka biyu ke nan sun wuce ni.

Motarsa wanet ce, irin a-kori-kurarmu, tsohuwa, ƙofar ɓangaren Iya Kulu da igiya ake ɗaure ta. Ni a tsakiya da yarinya a cinya, ƙarfen giya yana bugun gwiwata. Muka bi ta bayan Bani Malik, inda gidaje suke ƙarewa. Abbakar ya ce a gaba akwai shinge, ana duba takardu, don haka ba mu da rabo da kwalta. Ya murɗa sitiyari dama, muka gangara cikin ƙasa, Jidda ta ɓace a bayanmu.

Ni ban ga hanya ba. Fili ne na baƙaƙen duwatsu, kamar an ƙona gari an baza gawayin. Amma shi yana gani. In ya hango tsibin duwatsu uku a kan tudu sai ya karkata hagu. In ya ga tsohuwar taya a kafe sai ya rage gudu. Akwai ƙashin raƙumi da ya ɗaga wa hannu ya ce, "Salamu alaikum ya ammi, baffana, har yanzu kana nan?" Iya Kulu ta yi dariya. Ni ban yi ba. Duk tsallen da motar ta yi sai in ji marata ta amsa, in ce shi ke nan, sanyin ne ya fara. Gumi yana zuba a wuyana, amma ni sanyi nake ji a ƙashin bayana. Ina ta sa hannu ƙasa ina danna idon sawuna, in ga ko ramin zai zauna.

Da hantsi duwatsun suka taso gabanmu, jajaye, suka tsage a tsakiya kamar ƙofar zaure. Abbakar ya tsaya ƙarƙashin wata ƙaya mai faɗin kai, ya kashe mota.

"Nan ne bakin wadi, kwazazzabo a Hausarku. Ta cikinsa za mu bi. Watan jiya ambaliya ta wuce, ban san abin da ta bar mini ba. Zan shiga da ƙafa in duba. Sa'a ɗaya, ko biyu. Ga salka nan a rataye, ku dafa shayi. Kada a taɓa kaya."

Ya naɗa rawani ya shige tsagin, muka daina jin takunsa.

Ni ce na ga jarkar. Ina so a san wannan, don daga baya Iya Kulu ta ɗauki laifin a kanta. Na zagaya bayan motar neman tabarma, na ɗaga wani buhu, sai ga ta a ɗaure da igiya, cike. Na buɗe na shinshina. Ruwa ne, ja-ja da tsatsa, yana warin fetur. Ba mai shan wannan. Na tsaya ina lissafi a raina: ruwan sha yana salka, wannan kuwa ba a sha, to na mene ne in ba na wanki da wanka ba? Ban taɓa sanin mota tana shan wani abu ban da mai ba. A ina zan sani? A ƙauyenmu sai ranar kasuwa muke ganin mota.

"Iya, ga ruwa."

Ta zo ta leƙa. "A'a, 'yar nan. Bari mai motar ya dawo a tambaye shi."

"In ya dawo yalla zai ce. Iya, wanka biyu fa. In na yamma ya wuce, uku." Na ba ta labarin Delu, wanda ta riga ta ji sau goma. Na kama hannunta na ɗora a ƙafata na ce ta danna.

Ta danna. Ba komai. Amma ta dubi yarinyar, ta dube ni, ta ce, "Tattaro itace."

Itace kuwa ga shi nan busasshe ko'ina, ambaliya ta tara. Duwatsu uku, tukunya, wuta. Muka rataya zane tsakanin ƙaya da wani dutse. Tukunya biyu aka tafasa, jarka ta ƙare tas. Iya Kulu ta tsoma darbejiya ta fyaɗa mini a baya, tururi yana tashi cikin wannan rana, ina cije leɓe ina jin daɗi. Wallahi ban taɓa jin daɗin wanka irin na ranar ba. Ƙashin bayana ya saki. Na ce a raina na tsira, yarinyar nan ta tsira. Muka ɗebi ruwan salka aka dama mini kunun kanwa, na shanye, na bi da ruwa kofi uku don gumin da na yi. Na mayar da jarkar inda take, na ɗaure, na rufe da buhu yadda na same ta. Ba don ɓoyewa ba. Haka aka koya mini, in ka yi amfani da abin mutum ka mayar masa a gyare.

Abbakar ya dawo yana haki. "Akwai hanya, amma sai a hankali. Yalla."

Kafin mu shiga ya durƙusa ya sauke iskar tayoyi har suka yi tumbi. Ya ce yashi ba ya son taya mai taurin kai. Muka shiga. Bangon dutse hagu, bangon dutse dama, sama ta koma siririya kamar zare. Can bisa, wurin da ya fi tsawon mutum uku, na ga rassa da gawar akuya sun maƙale a jikin dutse. Nan ruwa ya kai. Ƙarar injin tana bugun bango tana dawo mana, kamar motoci biyar ne suke bin mu.

Wani wuri yashi ne mai laushi, motar ta nutse har ciki. Mu sauka, ya haƙa da shebur, ya shimfiɗa faifan ƙarfe biyu a gaban tayoyi, ya hau, ya wuce, ya dawo ya ɗauki faifan, a sake. Wani wuri dutse ne kamar matakala. Sai ya jera ƙananan duwatsu ya yi wa taya tudu, ya sa giya ta ɗaya, motar tana kuka tana hawa, ta karkace har Iya Kulu tana ganin ƙasa ta tagarta tana salati da ƙarfi.

"Hala, rage salatin, ina sauraron injin."

"Injinka ne zai cece ka ranar tsayuwa?"

Ni idona yana kan fuskarsa. Na lura yana yawan kallon wani ɗan agogo a gaban sitiyari. Allurarsa tana tafiya dama a hankali, wajen da aka shafa ja. Da ta isa, ya tsaya. Ya buɗe gaban motar, tururi ya taso, ya ja baya.

"Ba komai," ya ce. "Lagireto ne, yana ɗiga tun bara. Sau uku nake ba shi ruwa a wannan hanya."

Ya zagaya baya. Na ji ya kwance igiya. Ya dawo da jarkar a hannu ɗaya, yana lilo da ita kamar ƙwarya.

"Ina moya? Ina ruwan?"

Ya dubi ɗankwalina da bai gama bushewa ba. Ya shaƙi iska, warin darbejiya yana jikina.

"Ruwan nan mai warin fetur?" in ji Iya Kulu. "Ai ni na yi mata wanka da shi."

"Wanka." Ya zauna a ƙasa. "Wanka. A nan. La haula wala ƙuwwata."

"To ita motar ruwa take sha?"

"Ta fi raƙumi sha, Hala! Ba na ce kada a taɓa kaya ba?"

"Mun taɓa shinkafarka? Mun taɓa sukarinka?"

Na ce, "Yaya Abbakar, ni ce. Ni na matsa mata." Bai dube ni ba. Ya tashi ya sauko da salka, ya auna nauyinta a hannu. Ba ta kai rabi ba, kunu da shayi sun ci.

"A ƙarshen wadi akwai rijiya, tafiyar sa'a biyu a mota. Ko mota ta sha mu kai, ko mu sha mu zauna." Ya tsiyaya mana kofi huɗu a buta, ya jira injin ya huce, ya juye sauran a lagireto. Ina jin ruwan yana gangarawa, maƙogwarona yana bin sa.

Sa'a ɗaya muka samu. A inda kwazazzabon ya fi matsewa, ambaliya ta ajiye duwatsu, sai da ya yi ta gaba da baya yana neman kusurwa. Allurar ta koma ja. Wani abu ya yi tsaki a ƙarƙashin motar, ruwan ya zube a yashi, yashi ya shanye muna kallo.

"Halas," ya ce, "ta ƙare."

Zafin wurin ba irin na Jidda ba ne. Iska ba ta shiga. Dutsen yana ajiye rana yana maido mana. Muka raɓe a 'yar inuwar bango, tana matsawa muna matsawa. Kanwar da na sha ta tashi, harshena ya zama kamar tsumma. Su biyun suka bar mini kofi uku cikin huɗu, ban yi musu kara ba, na shanye. Da la'asar na ba yarinya nono. Ta kama, ta ja, ta saki, ta yi kuka. Na juya ta ɗaya ɓangaren. Haka. Na matsa da hannuna, ɗigo biyu.

"Tsoro ne," in ji Iya Kulu. "Ki kwantar da rai, zai sauko."

Ta yaya? Abin da na yi ta gudu tun daga Ruwais shi ne a cinyata, kuma da hannuna na tafasa shi.

Da rana ta yi sanyi Abbakar ya ɗauki jarkar ya nufi rijiya da ƙafa. Bai dawo ba sai da gari ya waye. Tun daga nesa na ga yadda jarkar take lilo. Leɓɓansa sun tsage. Ya ce ambaliya ta binne rijiyar, ya yi tono da hannu har gwiwar hannu, yashi ne busasshe.

Yarinyar ta daina kuka tun kafin ya iso. Wannan ya fi kukan muni. Idonta rabi a buɗe, bakinta a bushe, maɗigarta ta faɗa har ana ganin ramin. Na ɗaga ta kusa da fuskata. Tunda na haife ta ban taɓa kallonta haka a gaban mutane ba. Na ce, "Ummi. Ummi, ki dube ni." Iya Kulu ta juya kai kamar ba ta ji ba.

Na kasa zama. Na miƙa mata yarinyar, na bi gindin bango ina tafiya ba inda na nufa. Bayan wani dutse na taka kashin awaki. Na wuce, sai na dawo. Na durƙusa na ɗauki ɗaya na murje. Waje a bushe, ciki ɗanye, kore. Na ɗauki wani, haka. Ga sawun kofato a yashi, gefensa bai rushe ba, ya nufi wata tsaga da ta hau sama, wadda mutum zai wuce bai lura ba. A tsakiyar sawun awakin akwai sawun takalmi ƙarami, na mace.

Na kawo wa Abbakar a tafin hannuna.

"Kashin akuya ko'ina akwai shi, maijego."

"Wannan na jiya ne. Mota ban san ta ba, na yarda. Amma kiwo na yi tun ban kai tsawon akuyar ba. Awaki ba sa kwana nesa da ruwa, kuma da yamma gida suke nufa. Can suka hau."

Ya murje ɗaya da yatsansa, ya shinshina. Ya ɗauki jarka ya hau tsagar, yana dafa dutse, yana tsayawa.

Na zauna ina kallon layin inuwa yana matsowa ƙafafuna. Na sa yatsa a ƙirjin Ummi, ina jin bugun, ƙarami, da sauri kamar na tsuntsu. Rana ta kusa tsaka sai na ji kofaton jaki a kan dutse.

Mace ce a gaba, Abbakar a baya. Baƙaƙen kaya, fuskarta a rufe da ƙyalle mai jeren tsabar azurfa, idanu kawai. Gajera ce, 'yar Badawi, Larabawan daji masu kiwo. Jakin yana ɗauke da salka biyu. Ba ta yi sallama mai tsawo ba. Ta zuba ruwa gauraye da tsamin nono a akushi ta ba ni. Na kafa kai, ta doke hannuna, ta nuna mini kaɗan-kaɗan. Ta tsuguna, ta sa hannu cikin rigata ba tambaya, ta matsa, ta yi tsaki. Ta karɓi Ummi daga hannun Iya Kulu, ta juya wa Abbakar baya, ta buɗe ƙirjinta.

Ummi ba ta kama ba. Matar ta matso nono a yatsa ta shafa mata a leɓe. Ta sake. Ta sake. Tana wata 'yar magana ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi wa ɗan akuya da aka haifa cikin sanyi. Sai bakin ya motsa. Sai na ji ƙarar haɗiya. Ban san haɗiyar jariri tana da ƙara haka ba. Na rufe fuska da zane na yi kuka ba hawaye. Kuma, Allah ya yafe mini, a cikin kukan har da kishi.

Ta ɗora ni a jakin muka hau. A sama akwai wani ɗan fili, tanti baƙi na gashin akuya, ruwa kwance a tsagin dutse, da bishiyar goriba uku. Goriba, irin ta bayan gidanmu. Na tsaya ina kallonsu har Iya Kulu ta ture ni. Mazan gidan sun tafi da raƙuma, sai wani tsoho makaho a bakin tanti. A ciki jaririnta yana kwance, namiji, zai girmi Ummi da wata biyu, da tabon lalas uku a jere a ƙarƙashin cibiyarsa. Na ji tana kiransa Mudlaƙ.

Ta tambayi Abbakar yadda direba kamarsa ya shigo wadi ba ruwa. Ya faɗa mata. Ta sa ya maimaita. Sai azurfar fuskarta ta fara kaɗawa, ta yi dariya har ta dafa ƙasa, ta faɗa wa tsohon, shi ma ya kama.

"Me ta ce?" in ji Iya Kulu.

"Ta ce ita ranar da ta haifi wannan, da yamma ta kai awaki ruwa."

"Allah ya kyauta. Jikinsu daban."

Mun wuni mun kwana a wurinta. Abbakar ya sauka ya cuɗa sabulu da dabino ya liƙe ramin lagireto, jakin ya yi masa jigilar ruwa. Ita kuwa tana ta ɗura mini nonon akuya da dabino, tana shayar da Ummi, ɗanta a ɗaya ɓangaren. Na lura duk lokacin da Ummi ta ƙoshi ta saki, sai matar ta lanƙwasa yatsa ɗaya ta nuna wa tsohon kamar yana gani, ta faɗi lamba da ƙarfi. Kafin gari ya waye ta kai huɗu. Da safe na farka rigata a jiƙe. Nono ya dawo. Maɗigar Ummi ta cika.

Na ciro 'yan kunnena na miƙa mata, ta ture. Na ba ta zane, ta ture. Ta ga ƙullin kanwa, ta lasa, ta ɗaga gira, ta nuna awakinta. Wannan ta karɓa.

Mun sauka, mun shiga mota, injin ya tashi, sai ga ta tana gangarowa da gudu, ɗanta a kafaɗa. Ta miƙo hannu ta taga. Na ce wa Abbakar ya gaya mata yarinyar ta sha, ta ƙoshi. Ba ta saurare shi ba. Ta ɗauki Ummi, ta zauna a kan dutse ta ba mu baya, muka jira. Da ta gama ta maido ta, ta buɗe tafin hannunta a gaban fuskata, yatsu biyar. Ta bugi ƙirjinta ta ce, "Binti." Ta haɗa kan Ummi da na yaron ta ce, "Ahuha."

"Ta ce 'yarta ce, wannan kuma ɗan'uwanta," in ji Abbakar. Iya Kulu ta ce, "Mu a wurin malamanmu ko sau ɗaya aka sha an zama 'yan'uwa. Su sai an cika biyar. Cikawa ta zo yi."

Na ce, "Yaya Abbakar, tambayi sunanta."

"Ni in tambayi matar Badawi sunanta, mijinta ba ya nan? Maijego, bai ishe ki ba?" Ya sa giya.

Da yamma muka isa gonar. Kafin Malam ya gama yi mana sannu Abbakar ya ce masa, "Ga iyalinka nan lafiya. Amma in za ta sake haihuwa, ka saya mata rijiya." A gonar akwai injin ban-ruwa, na cika arba'in ɗina ba fashi. Ba zan ce na daina yarda da wankan ba. Da na haifi ƙaninta ma an yi mini.

Yanzu Ummi shekararta huɗu. Mai gonar ya zama kafilinmu, wato ya tsaya mana, mun sami takarda, muna zaune a unguwar Ammariyya cikin Jidda. Abbakar ya koma Sudan a shekarar da abin ya faru, bayan motar ta mutu, bai gaya wa kowa sunan wadin ba, don hanyar cin abincinsa ce. Iya Kulu ta rasu bara. Malam ya je nema sau biyu da wani mai jif, suka ga tsagin dutse ja ya fi goma, duk iri ɗaya. An ce masa kuma mutanen tanti ba sa shekara a wuri ɗaya. Ni kaɗai na rage da na ga idon matar nan, kuma ban san sunanta ba. Yarinyar nan a ƙasar nan za ta girma, a nan za ta yi aure. Tana da uwa da ba ta taɓa gaisarwa ba, tana da ɗan'uwa da za su iya haɗuwa a kasuwa ba su san juna ba. Wannan yana hana ni barci.

Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, ko aka karanta masa. In kai direba ne mai bin duwatsun gabas da hanyar Madina, ko kana sayen awaki a hannun Badawi, don Allah ka tambaya. Gajeriyar mace, da ɗa mai suna Mudlaƙ, zai kai shekara huɗu da 'yan watanni, tabon lalas uku ƙarƙashin cibiya. Ka tambaye ta ko ta taɓa shayar da 'yar baƙar fata sau biyar a gindin goriba. In ta ce e, ka gaya mata 'yarta tana raye, tana gudu, tana da surutu. Ka karɓo mini sunanta da na mijinta da inda suke sauka da rani. Ka kawo wa mata masu gyaɗa a Ammariyya, ka ce a kai wa matar da ta yi wanka da ruwan mota. Za su nuna maka ƙofar.